Wa Ya Haukata Tafiretar Waya?

Karatuna na boko aji uku ne da rabi. Rabin nan ina ƙirga shi, don bulalarsa cikakkiya na sha. Duk da haka, yau in ka shigo unguwarmu a Ƙauran Namoda ka ce Injiniya kake nema, ƙofar gidana za a nuna maka. Wasu da dariya suke nunawa. Na sani, kuma na riƙe fuskokinsu.

Sunan ya samo asali daga tafiretar waya. 'Yan zamani ba su san ta ba, su da ke shafa gilashi da yatsa magana ta tafi Makka. Na'ura ce mai nauyin buhun gero, da madannai irin na tafireta. In anka buga harafi a nan, 'yar'uwarta da ke wani gari sai ta buga shi a takarda, babu hannun kowa a kanta. Da ita ake aika talgiram: rasuwa, haihuwa, farashin gyaɗa, ranar isowar jirgin ƙasa.

Mu uku ne muke hidimarta a ofishinmu, in ka cire akawun da ke buga saƙo. Akwai Oga, makanikinta, Kirista ne daga can tsakiyar ƙasa wajen duwatsu, ya zo Ƙaura da ƙuruciyarsa har Hausarsa ta koma irin tamu. Akwai ni, masinja, mai kai takardu bisa keke. Sai taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, mai shara da goge-goge. Ni ina ce masa bawana, shi ma haka yake ce mini, kuma har yau ba a yanke hukuncin wa ya mallaki wa ba.

Oga yana da ƙa'ida guda da yake nanata mini kullum: “Masinja, kada ka zargi ƙarfe sai mita ta ba da shaida.” Na ɗauki rabin karatun, wato zargin. Mitar, wato abin awon wutar lantarki, na bar masa.

Wata damina Oga ya tafi hutu garinsu, wata biyu cur. Kafin ya tafi ya nuna mini ramuka huɗu da ya ɗiga wa jan fenti, ya ce kowace Juma'a in sa musu ɗigon mai ɗaya-ɗaya, ya ba ni 'yar kwalba. Ni kuwa ba marowaci ba ne. Cikin mako uku kwalbar ta ƙare. Ban zauna ina kuka ba, na yi dabara irin ta masu hankali, na ci gaba da shayar da ita, har da wasu wurare da Oga ya manta bai nuna mini ba.

Ana saura kwana goma ya dawo tafireta ta haukace. A buga gaisuwa, ta fito da tarkacen haruffa kamar kaji sun bi ta kan takarda. Wani babba ya zo daga sama, ya zagaya ta sau biyu hannu a baya, ya ce sakacin makanike ne. Anka ɗaure murfinta da waya, anka danna dalma da hatimi, anka kawo sabuwa. Oga ya dawo ya tarar da takardar tuhuma tana jiransa, ƙarin girman da yake sa rai kuwa ya bi ruwa.

Ya kira ni gefe, idonsa jawur, ya ce, “Wa ya taɓa ta?”

Na faɗi gaskiya tsakanina da Allah. Na ce wata safiya ana hadari na shigo na ga taubashina ya ɗaga murfi, hannunsa a ciki har gwiwa. Anka kira shi, bai musa ba. Mi ka yi a ciki? Anka juya shi anka juya, ya ce shi dai bai ɓata komai ba, iyakar abin da zai ce ke nan. Ba a kore shi ba, amma anka tura shi Zurmi, can ya yi aure, can ya tsufa. Oga bai sake amsa sallamarsa ba, shekara arba'in da ɗoriya. Ni da shi muna haɗuwa wajen suna da jana'iza, muna wasanmu na taubasai, amma in na ce masa “mai hannu cikin inji” sai ya dube ni wani iri, ya yi murmushi. Murmushin nan na daɗe ina tuhumarsa.

Da anka yi gwanjon tsoffin kaya Oga ya saye tafiretar, ya sa ta cikin akwatin ƙarfe da hatiminta, wai shaida ce in ya ɗaukaka ƙara. Ƙarar ba ta ɗaukaku ba. Ofishin ma ya zama tarihi.

To, bara bayan an yanke gero, ranar wata Talata, ɗiyar Oga ta yi sallama a gidana. Malamar makaranta ce, a Ƙaura anka haife ta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, “Baba, ranar Asabar za mu mai da Babanmu gida. Ƙafa ta ƙi, ido ya ƙi, 'yan'uwa sun ce a kawo shi. Shi kuwa ya rantse ba ya shiga mota sai an buɗe akwatin nan a gabanku, kai da taubashinka. Ya ce ba zai tafi da zargin mutum a ransa ba, kuma ba zai yafe abin da bai tabbatar ba.”

Na ce, “Ɗiyata, an aika Zurmi?”

Ta ce an aika.

Na ce, “Ba zai zo ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.”

Washegari da hantsi na isa gidan Oga, na tarar da taubashina zaune a zaure yana shan kunu. Har ya riga ni. Wannan ma na sa shi cikin abubuwan tuhuma, don marar laifi ba ya sammako haka.

“Bawana, ka iso?” in ji shi. “Na ɗauka tsufa ya hana ka hitowa.”

“Ni ka ce wa tsoho? Kai da haƙoranka sunka riga ka lahira?”

Oga yana kan kujera, bai ce masa uffan ba. Ya rame, hannuwansa suna rawa. Ya ce mini, “Masinja, yau kai ne hannuna. Abin da na ce ka taɓa shi za ka taɓa. Ka ji ko?”

Na yanke wayar hatimi, na ɗaga murfi. Wari ya bugo mu, irin na ɗakin da anka daɗe ba a buɗe ba. Na leƙa. A can gefe, ɗaure da jikin ƙarfe da zaren fata, sai ga laya, baƙa, kamar ɗan yatsa.

Jama'a, ban san ina da sauran ƙarfin tsalle ba sai ran nan.

“Allahu akbar! Oga, ga ta! Laya! Shekara arba'in ina hwaɗi ana ce mini mai baki. Kai bawa, ta wa ce?”

“Tawa ce,” in ji taubashina, ya kurɓi kununsa.

Ɗiyar Oga ta ja da baya ta riƙe baki. Oga ya sa anka kai hannunsa kan layar, ya shafa ta, ya bi zaren da yatsa har inda anka ƙulla. Na ga muƙamuƙinsa yana motsi. Sannan ya ce, “Ba ta taɓa waya ko ɗaya ba. Ba ta taɓa abin da ke juyawa ba. Bar ta inda take.”

“Oga, ai irin wagga ba ta bukatar taɓa waya. Daga nesa take aiki.”

“Mita tana auna ta?”

“A'a.”

“To ba ta cikin shaiduna. Ɗauko mita.”

Haka munka bi ta daki-daki, shi yana faɗa, ni ina dangwala tsinken mita, ɗiyarsa tana karanta allurar mitar don ni da shi duk idanunmu sun yi ritaya. Fis, ɗan abin da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, lafiya lau. Taransifoma lafiya lau. Naɗin wayar maganaɗisun da ke karɓar saƙo, shi ma allura ta motsa yadda ake so. Kowane ɗaya ya kuɓuta sai in dubi layar, in dubi mai ita. Da munka zo kan kwandansa, wani ɗan gwangwani mai tara wuta, sai munka tarar ta kumbura ta yi amai fari a gindinta.

Na ce, “Ka gani? Ta sha sammu har ta yi amai.”

Oga ya ce, “Tsufa ne. Kai ma ka kumbura. Wannan a cikin akwati ta mutu, ba ita ta haukata ta ba. Amma sai an sake ta kafin mu ba ta wuta.”

A Ƙaura babu irinta. Masu gyaran waya sunka yi ta juya ta a hannu suna tambaya ko batir ce. Anka ce sai Shinkafi, wajen wani tsoho mai gyaran rediyo da ke baje kaya ranar kasuwa, ga shi kuwa gobe Alhamis. Nan shawara ta tsaya mini. In na tafi ni kaɗai, na bar taubashina kusa da na'ura. In na aike shi, wa ya san abin da zai tofa wa kwandansar a hanya? Sai na yanke cewa tare za mu tafi, ido na ganin ido.

Munka bi motar 'yan kasuwa da rana ta ɗaga sosai, don hanyar nan yanzu ba a yi mata sammako, ba a kuma yi mata yamma. Anka matse mu a baya tsakanin buhunan albasa. Na ce masa a hankali, “Kai bawa, tsakaninmu, wane malami ya rubuta maka? Ka hwaɗa mini, in roƙa maka sassauci.”

“Ya rasu.”

“To mi Oga ya yi maka?”

“Alheri.”

“Shi ya sa ka saka masa da laya?”

Ya dube ni da murmushin nan nasa, ya ce, “Bawana, kai dai ka yi addu'a Allah shi sa layar ce.”

Na kwana biyu ban ji maganar da ta tsaya mini a wuya irin wagga ba. Na juya ta ta kowane gefe har munka shiga Shinkafi, na yanke cewa barazana ce.

Mai rediyon mutumin hayin iyaka ne, kowa Mushe yake ce masa, wato Malam da Faransanci. Ya zazzage wani kwando, ya tono kwandansa daga cikin gawar wata tsohuwar rediyo, ya gwada ta, ya ce za ta yi. Na karɓa na sa a aljihun ciki na maƙale da fil. Muna fitowa taubashina ya tsaya wajen wata mai ƙuli-ƙuli, ya sayi man gyaɗa a 'yar ƙaramar kwalba, wadda ko miyar mutum ɗaya ba za ta yi ba.

“Na mi ne?”

“Tsaraba.”

“Wa ake kai wa tsarabar mai cokali uku?”

“Wani injiniya.”

Na yi dariya don kada ya ga kamar ban gane ba. Ban gane ba.

Juma'a da safe munka taru. Ɗiyar Oga ta aro ɗan janareta wajen maƙwabta. Na ɗora ƙarfen narka dalma, na cire mushen kwandansa na liƙa sabuwa, Oga yana ta faɗa, “Ja a wajen ja, Masinja! In ka juya ta za ta fashe maka a fuska, ga ka da ma ba kyau ba.” Sannan ya sa na haɗa wayar aikawa da ta karɓa, yadda in an buga harafi na'urar za ta ji maganar kanta ta rubuta. Ya ce da an ƙirƙiro wa mutane irin wannan haɗin, da rigima ta ragu a duniya.

Anka ba ta wuta. Ta yi tari, ta yi gurnani, sai injin cikinta ya kama juyi. Ƙarar nan! Shekara arba'in ban ji ta ba, amma ƙafata har ta motsa za ta nemi fedar keke. Oga ya rufe ido.

Ya ce wa ɗiyarsa ta yi ta buga R da Y, R da Y, don da su ake gwaji. In sun fito a jere, na'ura lafiya take. Ta buga. Takarda ta fito da shirme, irin na wancan lokaci sak, kamar jiya ta haukace.

Na ce, “Oga, don girman Allah, bari in cire layar nan mu gani.”

Ya ce, “Cire.”

Na yi bisimilla, na kwance ta da filaya don kada fatata ta taɓa ta, na kai ta har bakin ƙofa na ajiye. Na dawo na ce, “Ɗiyata, buga. Yau za ki ga ilimin da ba a koyarwa a makarantarku.”

Ta buga. Shirme, har ya fi na farko.

Na ce wataƙila bakin ƙofa ya yi kusa.

Oga ya sa anka ɗauko masa wani ƙarfe mai ƙafa biyu daga tsohuwar jakarsa. A bakin ƙafafun akwai 'yar tsaga. Ana buga shi a gwiwa ya kama rawa, sai a leƙa ta tsagar a dubi fararen ɗigogin da ke jikin gwamna. Gwamna shi ne wani faifai a gindin injin, aikinsa ya hana shi gudu fiye da ƙima ko ƙasa da ƙima. In gudun daidai ne, za ka ga ɗigogin sun tsaya cik. Na buga, na leƙa.

“Mi ka gani?”

“Oga, gudu suke kamar an ce ga 'yan haraji.”

“To gwamna ne. Kashe wuta. Buɗe shi.”

Sukurori uku ne. Da na kwance na farko sai wani abu ya motsa mini a ƙwaƙwalwa, don hannuna ya san sukurorin nan, kuma bai kamata ya san su ba. Babu jan fenti a wurin. Na biyu ya fita da sauƙi. Na uku na ɗan daɗe a kansa.

“Ya ciza ne?” in ji taubashina. “Ko in taimaka maka?”

Murfin ya fita. A ciki akwai wasu 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa suna rabuwa, waɗanda ya kamata a gan su a bushe suna ƙyalli. Na tarar da su cikin wani baƙin ɗanko kamar maɗi ya ƙone a gindin tukunya. Oga ya lakato da farce, ya murza, ya kai hanci. Ya ce in ɗan taɓa wurin da ƙarfen dalma mai zafi.

Na taɓa. Hayaƙi ya tashi siriri. Zauren nan gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshin gidan da ake suyar ƙuli-ƙuli.

Taubashina ya sa hannu a aljihu, ya fito da kwalbar Shinkafi, ya dangwarar da ita kan tebur kusa da na'ura.

Na so in ce ɓeraye. Na so in ce akawu, tunda ya rasu ba zai musa ba. Har na buɗe baki. Amma ga Oga ya juyo da fuskarsa wajena, idon da ba ya gani sosai yana nemana, gobe kuwa zai tafi.

Na ce, “Oga, man da ka ba ni ya ƙare. Na ɗebo man gyaɗan uwargida. Da shi nake sa wa sarƙar kekena, bai taɓa ba ni kunya ba. Na ga wurin nan yana ta tartsatsi a bushe, na ce ƙishi yake ji.”

“Sau nawa?”

“Kowace Juma'a.” Na ƙara da cewa, “Wani lokaci da Litinin.”

Ɗiyar Oga ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa. Ban sani ba ko kuka take ko dariya, kuma ina da zato.

Oga ya juya wajen taubashina. Karo na farko ke nan cikin shekara arba'in da ya yi masa magana kai tsaye. “Kai kuma, layar ta mece ce?”

“Ta tsawa ce, Oga. Ka tahi ka bar ta cikin damina, ga waya ta bi daji tana kiran aradu. Na ce kada ka dawo ka tarar ta ƙone. Malamin ya ce in na hwaɗa wa wani ta karye.”

“Shi ya sa ka yi shiru?”

“Rabi ke nan. Ranar da na ɗaura ta na ji ƙamshin mai, na kuwa san kwalbar gidan da ya hito. In na wanke kaina tas, za a ce to wa? Ni shara nake, ko'ina akwai ƙasa. Wanga bawa nawa kuwa matarsa na da tsohon ciki, kuma in anka karɓe keken nan babu abin da ya iya sai surutu.”

Na ce, “To mi ya hana ka hwaɗa mini ni?”

“In hwaɗa maka, ka je ka tona kanka wajen kare kanka? Kuma bawan da bai san an saye shi ba ya fi daɗin mallaka.”

Oga ya miƙa hannu yana lalube. Taubashina ya tashi ya kama shi da hannu biyu. Sun daɗe a haka. Ni kuwa na sami aikin yi, na duƙufa kan gwamna da kalanzir da tsohon buroshin haƙori, don ido in yana ruwa gara a ce kalanzir ne.

Na wanke ɗankon tas, na goge bakin ƙarafan da 'yar takarda mai kaushi har sunka yi ƙyalli, na mayar da murfi. Anka ba ta wuta. Na buga ƙarfe a gwiwa na leƙa, Oga yana cewa in juya sukurin gwamna kaɗan-kaɗan. Ɗigogin sunka rage gudu, sunka yi tafiyar tsofaffi, sunka tsaya cik. Ɗiyarsa ta buga. R da Y sunka jeru tun daga wannan gefe har wancan, ko ɗaya bai karkace ba.

Oga ya ce a matso da shi. Yatsunsa sun tsufa, amma sun san gidajensu. Ya buga a hankali, na'ura tana amsawa, ya yage takardar ya miƙa wa taubashina. Ɗiyarsa ta karanta masa: BA KAI BA NE. KA YAFE MINI.

Taubashina ya ninke ta huɗu ya sa cikin hula.

Na gyara murya na ce, “Oga, ni da na yi gyaran fa? Ba a ba injiniya takardar shaida?”

Ya sake duƙawa, ya buga, ya yage ya ba ni. Wagga ban nemi mai karanta mini ba, aji uku da rabi ya isa: KAI NE.

Sai da ladan ya yi kiran farko munka tashi. Ranar Asabar da hantsi anka sa Oga a mota, mu biyu muna riƙe da shi, ɗaya a kowane gefe. Ya ce mini ya yafe, amma in sake nanata ƙa'idar nan ya ji. Na nanata, har da rabin da na bari.

Tafiretar ya bar wa taubashina, tana Zurmi yanzu a zaurensa, ya mayar da layar inda take. In na je ganinta sai ya tsayar da ni a ƙofa ya laluba aljihuna, ya shinshina hannuwana, jikokinsa suna kallo. Takardata kuwa ya ce in kawo ya sa a gilashi a rataye kusa da tasa. Na ce ta ɓace. Tana cikin akwatina, ƙarƙashin rigar salla.

Abu ɗaya dai har yau ban gamsu da shi ba. A waccan daminar tsawa ta faɗa kan turakun waya har biyu a hanyar Gusau, tafiretarmu ko gezau. Na tambayi taubashina sunan malamin, wai ya manta. Mutumin da ya riƙe ƙamshin mai shekara arba'in, shi ne zai manta sunan malami?